Akwatin Wasiƙu: Ciwo, Makoki da Addu'ar da Ta Ƙi Fita

Tambaya: Ɗana mai shekara 7 yana da sikila. Yayarsa ta rasu da ciwon tana da shekara 4. Maƙwabciyata ta kai ni wani wajen addu'a, aka ce akwai zunubin da ban furta ba, kuma ba shi magani da nake yi ƙarancin bangaskiya ne. An ce in ajiye magungunan, mu yi azumin kwana 3 ba ci ba sha, har da shi. Zuciyata ta rabu biyu. Me zan yi? (Wata uwa, Kafanchan)

Amsa: Mama, sannu da jinya, Ubangiji ya ta'azantar da ke kan rashin 'yarki. Kada ki ajiye maganin nan ko na yini ɗaya, kuma kada yaron ya yi azumin.

Ga dalili. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya suna rayuwa kusan kwana 120, na mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 kawai. Idan ruwa ya ragu a jiki, ƙwayoyin sukan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi. Toshewar nan ce ciwon ƙashin da ke sa shi birgima, kuma idan ta faɗa a huhu ko a ƙwaƙwalwa, maganar rai ce. Ƙodar mai sikila ba ta iya riƙe ruwa kamar ta sauran yara, shi ya sa yake yawan fitsari, wani lokaci har a kwance, kuma yake saurin bushewa. Iyaye da yawa sukan hana ruwa da yamma saboda katifa, su jawo ciwo da hannunsu. Ki shimfiɗa leda, ki bar shi ya sha. Yaro irin wannan, kwana 3 ba ruwa na iya kai shi kabari.

Ki ci gaba da folik asid kullum, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da likita ya rubuta, da kwana cikin gidan sauro. Lokacin hunturu, rigar sanyi da wanka da ruwan ɗumi. Idan ciwo ya taso a gasa wurin da tsumma mai ɗumi, ban da ƙanƙara ko ruwan sanyi. Ki sayi ma'aunin zafin jiki ki ajiye: zafi ya kai 38.5, asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. Haka ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, mutuwar hannu ko ƙafa ko karkacewar baki, kumburin ciki ta hagu, ko tafin hannu ya yi fari fat. Idan ciwon na yawan tasowa, ki tambayi likita game da maganin da ake kira haidroksiyuriya, amma sai da gwajin jini a kai a kai ake shan sa.

Maganar zunubi kuwa, sikila gado ce. Idan uba AS ne uwa ma AS, wato suna ɗauke da gadon amma ba su da ciwon, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, wato mai sikila. Ba layi ake bi ba, ana iya haifar biyu ko uku a jere. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita, a gidan fasto da gidan liman da gidan wanda ba ya zuwa ko'ina. A Yohanna 9 almajirai sun yi wa Yesu irin tambayar da aka ɗora miki, kan mutumin da aka haifa makaho: zunubin wa ne, nasa ko na iyayensa? Ya ce ba na kowa ba. Abokan Ayuba ma sun kwashe surori suna tono masa laifi, a ƙarshe da su Allah ya yi fushi, ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi Allah ba (Ayuba 42:7).

Magani ma bai taɓa zama kishiyar bangaskiya ba. Ishaya da ya kawo wa Hezekiya alkawarin ƙarin shekara 15, shi ne ya ce a manna masa curin ɓaure a kan marurun. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita, ya bar Tarofimas ba lafiya a Militas, shi kansa ya roƙi Ubangiji sau 3 a cire masa ƙaya a jiki, ba a cire ba, aka ce masa alheri ya ishe shi. Wa zai ce Bulus ƙarancin bangaskiya gare shi?

Ki lura da yadda aka tsara maganar da aka faɗa miki: yaro ya warke, ikonsu ne; ya mutu, zunubinki ne. Duk inda ta faɗi su ba su da asara. Yaƙub 5:14 ya ce a kira dattawan ikkilisiya su yi addu'a su shafa mai. Dattawan ikkilisiyarki ke nan, waɗanda suka san gidanki, ba kuɗi, ba sharaɗi. Idan ke kina so ki yi azumi, ki yi na rabin yini kina shan ruwa, domin ke ce mai goya shi zuwa asibiti.

Ba za mu yi miki alkawarin warkewa ba, ba a hannunmu take ba. Masu sikila da yawa da suka samu kulawa sun girma, sun yi karatu, sun yi aure. Ki roƙi warkarwa baki buɗe, ki ba shi ƙwayarsa da ɗayan hannun.

Tambaya: Bara aka kashe ƙanena a gona, muka bar ƙauye muka dawo gari gidan haya. Ni dattijo ne a ikkilisiya, amma wata 8 ke nan in na durƙusa ba abin da ke fita. Ana waƙa a sujada ina jin haushi. Ba na barci. Ko na fāɗi ne daga bangaskiya? (Wani dattijo, jihar Filato)

Amsa: Baba, Ubangiji ya ba da haƙuri. Wanda ya fāɗi ba ya damuwa da cewa addu'arsa ta ɗauke. Abin da ke damunka rauni ne, kuma akwai yadda ake jinyarsa.

Ka buɗe 1 Sarakuna 19. Iliya, bayan nasarar Dutsen Karmel, ya gudu jeji ya zauna gindin itace yana roƙon mutuwa. Mala'ika bai yi masa wa'azi ba. Ya tashe shi, ga waina ga tulun ruwa, ya ci ya koma barci, aka sake tashinsa ya sake ci. Sai bayan kwana 40, a Horeb, Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi, ya bar shi ya zazzage kukansa har sau biyu. Daga nan aka ba shi aiki da abokin tafiya, Elisha. Jiki aka fara gyarawa.

Haka za ka bi. Abinci a kan lokaci ko ba ka jin yunwa. Lokacin kwanciya da na tashi ɗaya kullum. Ban da shayi mai kauri da goro bayan la'asar. Bidiyoyin gawarwaki da ke yawo a WhatsApp, ka goge su, ka fita daga rukunin da ke turo su, domin duk kallo ɗaya yana maido da jikinka ranar da abin ya faru. Ka kiyayi giya da ƙwayar barci ta kemis: daren farko suna taimako, bayan 'yan makonni su zama ciwo na biyu.

Addu'a kuma, tunda taka ta ƙi fita, ka ari ta wani. Zabura 13 aya 6 ce kawai, cikinta sau 4 Dawuda yana tambayar Allah har yaushe. Ka karanta ta da murya safe da yamma, mako 2, kada ka ƙara komai. Ranar da ko ƙarshenta mai yabo ya yi maka nauyi, ka koma Zabura 88, wadda ta ƙare cikin duhu ba tare da wata kalmar daɗi ba, kuma Allah ya bar ta cikin Littafinsa. Yesu kansa a kan gicciye da farkon Zabura 22 ya yi kuka. Haushin da kake ji, faɗa wa Allah shi kai tsaye addu'a ce. Romawa 8:26 ta ce sa'ad da ba mu san abin da za mu roƙa ba, Ruhu na roƙo dominmu da nishin da baki ba ya iya furtawa.

Inda dattawa suka fi tuntuɓe shi ne kunya. Kowa na kawo musu kuka, su ba su da inda za su kai nasu. Ka zaɓi mutum ɗaya mai riƙon asiri, ku zauna awa ɗaya kowane mako. Ka gaya wa fastonka ya ɗauke maka jagorar sujada na wata 3. Amma zuwa majami'a kada ka daina, ko bencin baya ne, ko ba ka buɗe baki ba. Ba kai kaɗai ba ne: a watan Oktoba 2014 Boko Haram ta mamaye hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya (EYN) a Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos na ɗan lokaci, kuma cikin ayyukan da ikkilisiyar ta ɗauka bayan haka har da tarukan warkar da raunin zuciya, fastoci ma suna cikin masu zama. Ka tambaya ko ɗarikarku na da irinsu.

Masu matsa maka ka yafe yau-yau, ka ce musu kana kan hanya. Yafewa barin ramuwa ne a hannun Allah, ba ta hana ka ba da shaida gaban hukuma. Idan kuwa tunanin kashe kanka ya fara zuwa, ko mafarkin ranar na tashinka cikin gumi kusan kullum, ko kana ramewa, ka ga likitan ƙwaƙwalwa cikin makon nan. Akwai sashensu a asibitin koyarwa na Jos, akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta Sakkwato. Zuwa can ba ya nufin hauka.

Tambaya: Ni shugabar Zumuntar Mata ce. In mun je gaisuwar makoki, me ya kamata mu faɗa? (Daga Gombe)

Amsa: 'Yar'uwa, kaɗan. Abu mafi kyau da abokan Ayuba suka yi shi ne zaman kwana 7 a ƙasa tare da shi ba wanda ya ce uffan. Da suka buɗe baki ne suka ɓata. “Sannu, muna tare da ke” ya isa. Ku bar “daina kuka, ke mai bi ce”, domin Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru, kuma 1 Tasalonikawa 4:13 baƙin ciki marar bege ta hana, ba hawaye ba. Romawa 8:28, mai cewa komai na aiki domin alherin masu ƙaunar Allah, gaskiya ce, amma ba ta ranar jana'iza ba ce.

Makon farko gida cike yake. Daga mako na 3 ne tsakar gida ke yin tsit, ga bashin jana'iza, ga kuɗin makaranta, wani lokaci ga dangin miji sun zo ƙirga kaya. Ku rubuta jadawali na mata biyu-biyu, sau 2 a mako, har wata 6. Kada ku ce “in kina bukatar wani abu ki faɗa”, ba za ta faɗa ba. Ku zo da kwanon abinci, ku ɗebi wanki, ku kai yara makaranta. Ku sa dattijo ɗaya ya zauna ranar da za a yi maganar gado, a kuma adana takardar shaidar aure da ta gida da ta mutuwa. Sakatariyarku ta rubuta ranar rasuwar a littafi, domin a koma gidan ranar da ya cika shekara, da kuma makon Kirsimeti na farko.