Yarona baya ganin zurfin hoton 3D, ko gem ne ya lalata masa ido?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, dan Allah ina cikin damuwa. Yarona shekararsa 6. Kakarsu ta kawo tsarabar Umra harda hoton Ka'aba mai kaushi-kaushin nan wanda zakaga kamar ka zura hannu ciki, yayyensa sunata ihu wai hasumiya ta fito waje, shi kuma yace bai ga komai ba hoto ne kawai. Haka ma a gem ɗin Nintendo 3DS na yayansa, ko an kunna 3D ɗin yace duk ɗaya ne. Kuma idonsa na hagu yana ɗan shigewa ciki in ya gaji. Babansa yace gem ɗin ne ya jawo, kakarsa tace a barshi zai gyaru in ya girma. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Gara da hankalin naki bai kwanta ba. Gem bai lalata masa ido ba, asirin matsalar kawai ya tona.

Ki shafa farce a kan hoton Ka'abar, za ki ji layi-layi. Kowane layi ɗan siririn gilashi ne na roba, a ƙarƙashinsa kuma an yanyanka hotuna da yawa da aka ɗauka daga kusurwa daban-daban an jera su, kowane yanki ana cilla shi wani ɓangare. Tunda tsakanin idon mutum biyu akwai kamar santimita 6, na dama ya kama hoto ɗaya, na hagu ya kama na kusa da shi, ƙwaƙwalwa ta haɗa ta fitar da zurfi. 3DS da ya fito a 2011 hoto biyu kacal yake bayarwa ta wasu siraran tsagogi, shi yasa in ka karkata shi kaɗan sai abin ya rikice. Manyan allunan 3D na yanzu irin na kamfanin Looking Glass suna fitar da hoto 45 zuwa sama, mutum biyar ma su tsaya kowa yana ganin nasa ɓangaren, sai dai kaifin hoton ne ake rabawa, yawan kusurwa raguwar kaifi.

Toh nan akwai tarko. Allo mai kusurwa da yawa, ko mai ido ɗaya in ya kaɗa kai zai ga na gaba yana gudu fiye da na baya, sai ya ji kamar zurfi. Saboda haka kar wani ya jujjuya wa yaron hoton ya ce ai gashi ya gani. Riƙe shi ake cak, kai ma cak. Mu ma a asibiti da irin wannan katin muke gwaji, katin Lang, akwai mage da tauraro da mota ɓoye a cikin ɗigo-ɗigo, yaron da idonsa biyu ke aiki tare take zai kai yatsa, wanda ɗaya ke aiki sai ya yi ta kallonki.

Ciwon kan da wasu ke yi bayan kallon 3D gajiya ce, ido yana saita kansa a kan allo alhali abin da ake kallo kamar yana gaba ko bayan allon, in an huta ya wuce. Su kansu Nintendo sun ce ɗan shekara 6 zuwa ƙasa a kashe masa 3D ɗin, ki kashe.

Yanzu maganar Hajiya kaka, Allah ya ƙara mata lafiya, amma wallahi wannan "zai gyaru in ya girma" ita ce maganar da ta fi ƙona min rai a aikin nan. Kullum sai na ji ta. Harara-garke baya gyaruwa da girma. Jariri a watanninsa na farko idonsa kan ɗan yi yawo, wannan ba komai, amma in ya wuce wata 6 ido yana karkacewa to magana ta canza. In ido ɗaya ya kauce, ƙwaƙwalwar yaro bata yarda ta ga abu bibbiyu, sai ta yi watsi da idon kawai ta ci gaba da ɗayan, idon lafiyarsa ƙalau a waje amma hanyarsa zuwa ƙwaƙwalwa tana mutuwa a hankali, yaron kuma ba zai taɓa kawo ƙara ba don shi a zatonsa haka kowa ke gani. Wasu masana kimiyya biyu, Hubel da Wiesel, sun nuna haka da 'ya'yan kyanwa, suka rufe musu ido ɗaya suna ƙanana, da aka buɗe idon bai ƙara amfanuwa ba, babbar mage kuwa aka yi mata haka bata samu matsala ba. Har Nobel suka samu a 1981. A mutum gyaran ya fi kamawa kafin shekara 7 zuwa 8, bayan nan wuya yake ƙarawa. Naki yana 6.

Sai a zo min da saurayi ɗan 19 an cire shi a gwajin ido na shiga soja, uwa tana kuka a yi wani abu. Me zan yi? Shekara 15 ana cewa ai wani ne ya tsaya masa ta ka yana jariri, ana zizara kwalli, ana ɗiga nono, an je kemis yaron shago ya miƙo maganin ɗigawa na jan ido wanda wani ma in an daɗe ana sawa hawan jinin ido yake kawowa. Babu ɗigon kemis da ke miƙar da ido, babu shi. Mai tallan tabarau a faranti a bakin tasha shi ma ba likita bane.

Ki kai shi asibitin ido cikin makon nan, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano, ko sashen ido na asibitin koyarwa mafi kusa da ku. Ki ce a auna kowane ido daban, kuma a ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido kafin a auna tabarau, yara da yawa masu shigewar ido ciki tabarau kaɗai ke miƙar musu da shi. In kin taɓa hango fari a tsakiyar baƙin idon, ko a hoton waya mai filasha, to kar ki jira mako, gobe da safe.

Ƙila a ce a rufe masa ido mai lafiyar da filasta awa 2 zuwa 6 kullum don a tilasta wa ɗayan aiki. Zai yi kuka, zai ɓare, kaka za ta ce wane irin likita ne ke rufe ido mai gani. Ki tafi da ita ranar, a yi bayanin a gabanta.