Tsakanin Kwale-kwalen Katako da Jirgin Faiba

Wani dattijo daga Dakace, wanda ya yi ritaya ya koma gona, ya rubuto cewa idan masara ta shiga rumbu yana so ya riƙa fita fatsa a kogin Galma da ke Zariya don ya huta da hayaniyar gida. An yi masa tallan jirage biyu: kwale-kwalen maɗaci, da wani na faiba (wani abu mara nauyi mai kama da roba) mai inji, na hannu. Wanne zai ɗauka?

Baba, ɗauki na katakon. Galma ba tafkin Kainji ba ce. Da rani ruwan yakan janye, yashi ya fito, inda filafili da gora za su wuce da kai nan farfela za ta ci ƙasa. Ga kuɗin fetur, ga neman makaniki, kuma ƙarar inji korar karfasa take yi. Amma kada fenti ya ruɗe ka. Sa a kifa shi, ka bi mahaɗar katakai da tsinin wuƙa. Inda ta nutse ba gardama, ruɓa ce. A jefa shi ruwa ku zauna ku biyu na rabin awa, ka ga yawan ruwan da zai sha. Kada kuma ka bar shi a tudu da hunturu, zai tsage. In zuciyarka ta nace wa na faiban, jijjiga allon bayan da ake ɗaura inji. In yana motsi, bar musu kayansu. Ko wanne ne, sayi rigar ruwa mai hana nutsewa, kuma a watan Agusta zauna gida.

Wani daga Shika kuma ya ce kainuwa ta rufe bakin ruwan da yake ɗaure jirginsa, wane maganin ciyawa zai fesa?

Babu ko ɗaya, ɗan'uwa. Na gaji da wannan tambaya, duk shekara sai ta dawo. Ka kashe kuɗi ka fesa, kainuwa ta mutu ta nutse, tana ruɓewa tana cinye iskar da ke cikin ruwan. Da asuba sai ka tarar da karfasa ta taso tana haki, tarwada ce kawai za ta jure don tana iya shaƙar iska daga sama. Sai ka ce aljanun ruwa ne. Me ya ƙosar da kainuwar tun farko? Takin zamanin da kuke zubawa a fadama har gaɓar ruwa, ruwan sama ya wanke shi ya kai mata. Bar ciyawa ta tsaya tsakanin gonarka da gaɓa. Kainuwar kuwa a janyo ta da manjagara, a tara ta bushe, ta koma taki.

Tun da an zo nan: masu wanke injin feshi a rafi bayan sun fesa wa wake maganin ƙwari na sifametirin, ku daina. Maganin nan dafi ne ga kifi, kaɗan ma ya isa. Masu zuba maganin ƙwari na Gamalin a ruwa don kwasar kifi kuwa, an haramta shi, kuma 'ya'yanku ne ke cin kifin, shanun Fulani ne ke shan ruwan.

Mai tambaya daga Basawa kan abin toshe ɓarakar jirgi: tsumma da narkakkiyar kwalta, bayan katakon ya bushe.