Ga ɗan'uwan da ya ga sunansa na 34 a jerin masu jiran kujerar gaba

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tun jiya da dare na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa, domin abin da ya same ka ni ma na sha shi har na gaji. Ka ce kana da matsayi na tsakiya a kamfanin jirgin da kake bi a Amurka, wato darajar da kamfani ke ba fasinjojinsa na yau da kullum, ranar Alhamis da yamma ka duba allo ka ga kai ne na 34 cikin mutum 61 masu jiran a ɗaga su kyauta zuwa ajin farko, wato kujerun gaba, alhali kujera ɗaya tak ta rage. Kuma saura maka kusan dala 1,300 ka kashe kafin ƙarshen Disamba don matsayin ya sabunta, har kana tunanin yin tafiyar da ba ka da buƙatarta don cike giɓin. Idan don kujerar gaba za ka yi, ina ba ka shawara kada ka yi. Idan kuma akwai wasu abubuwan da kake ci a matsayin, to zauna mu yi lissafi.

Shekara goma sha ɗaya ke nan aiki yana yawo da ni a jiragen cikin gida, mako biyu ko uku a kowane wata. A shekarun farko, da matsayin da bai kai naka ba, kusan rabin tafiye-tafiyena a gaba nake zama. Bara kuwa, ina mataki na biyu daga sama, na hau jirgi sau 58, sau 7 kawai aka ɗaga ni, kuma biyar daga ciki gajerun tafiye-tafiye ne da ko awa ɗaya da rabi ba su kai ba. Ban canza komai ba. Kasuwar ce ta canza.

Abu na farko da ya kamata ka gane shi ne, jerin da kake gani a bakin ƙofar shiga jirgi ragowa ce ake rabo. Rabon gaske ya wuce tun kwanaki, kuma kowane kamfani bin matakan matsayinsa yake yi daga sama zuwa ƙasa. A Delta, ana fara duba masu Diamond da Platinum awa 120 kafin tashi, masu Gold awa 72, masu Silver awa 24. A American, Executive Platinum na farawa daga awa 100, sai Platinum Pro 72, Platinum 48, Gold 24. United ma haka take, matakinta na 1K ne a gaba da awa 96. Sama da waɗannan duka akwai waɗanda gayyatarsu ake yi, irin su Global Services na United da ConciergeKey na American da Delta 360, mutanen da kamfanoninsu ke zuba musu kuɗin tikiti mai yawan gaske. Sannan ko cikin mataki ɗaya ba layi ɗaya kuke ba: ana duba irin tikitin da ka saya ko yawan abin da ka kashe, wani kamfanin ya duba ko kana riƙe da katin bankinsa, sai can ƙarshe a duba wa ya riga nema. To ka haɗa wannan da girman jirgin. Boeing 737-800 yawanci kujera 16 gare shi a gaba, Airbus A321 kuma 20. Mutum 61 na jiran abin da ya saura daga 16.

Kuma abin da ke saura ɗin kullum raguwa yake yi, saboda yanzu sayar da kujerun ake. Wata Litinin ce ta koya mini wannan. Daren Lahadi na duba manhajar kamfanin a waya, kujera biyar babu kowa a gaba, ni ne na uku a jeri. Na kwanta da tabbacin tawa ce. Da asuba manhajar ta miƙo mini tayi: in biya dala 149 in koma gaba. Na ce me zai sa in sayi abin da za a ba ni kyauta? Ina zaune a bakin ƙofa, wata mata kusa da ni, da jakar goyo da kofin shayi a hannu, ta buɗe wayarta ta ga irin tayin, ta ɗan yi shiru, ta danna. Ina kallo biyar ta koma huɗu. Kafin a fara kiran shiga babu ko ɗaya. Matar nan wataƙila sau biyu take hawa jirgi a shekara, kuma ban ga laifinta ba ko kaɗan. Abin da na fahimta ranar shi ne, na'urar kamfanin ta gwammace dala 149 a hannu a kan alkawarin da ta yi mini. Shugabannin Delta da bakinsu sun sha faɗa wa masu hannun jari cewa da can ɗan kaɗan ne na kujerun gaba ake biya, sauran kyauta ake bayarwa, amma yanzu mafi yawansu sayarwa suke.

A ɗaya ɓangaren kuma masu matsayi sun yi yawa. Lokacin annobar korona, a 2020 da 2021, kamfanoni sun yi ta tsawaita wa mutane matsayi ba tare da sun yi tafiya ba. Sannan aka sauya ma'aunin daga nisan tafiya zuwa kuɗi. American ta koma tsarin tara maki mai suna Loyalty Points a 2022, inda mutum zai iya samun matsayi ta hanyar yin sayayya da katin banki kaɗai, ko jirgi bai taka ba. Delta ta sanar a Satumbar 2023 cewa kuɗin da ka kashe kawai za ta riƙa ƙirgawa, mutane suka yi ca a kanta, har shugabanta Ed Bastian ya yarda cewa sun wuce gona da iri, aka sassauta, amma duk da haka Diamond ya tsaya a dala 28,000 a shekara. British Airways ma ta bi sahu a Afrilun 2025. Shirin AAdvantage na American da aka fara a 1981 don saka wa mai yawan tafiya, yau shi da ire-irensa sun zama babbar sana'a mai zaman kanta. A 2020 United ta ciyo bashin dala biliyan 6.8 da shirinta na saka wa masu yawan tafiya a matsayin jingina, Delta ta ciyo biliyan 9. A 2023 kaɗai Delta ta samu kusan dala biliyan 6.8 daga hulɗarta da kamfanin katin banki na American Express. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin tsawon jerin nan ba.

To me ya sa har yanzu nake riƙe da nawa? Saboda ranar da abubuwa suka lalace.

Wani Janairu ƙanƙara ta rufe babban filin jirgin da na sauka don canjin jirgi. Aka soke jirage rututu. Layin teburin masu taimaka wa fasinja ya miƙe har ya sha kwana, ga mata da yara zaune a ƙasa, ga tsofaffi a kan keken guragu, kowa waya a kunne. Mutumin da ke gabana aka ce masa sai ya jira fiye da awa uku kafin a ɗauki kiransa. Ni na kira lambar da ke bayan katina, cikin minti huɗu wata ma'aikaciya ta ɗauka, ta nemo mini kujera ta wani gari daban, ta sa ni a sahun gaba na masu jiran gurbi a wani jirgin kuma, ko da wancan ya ƙi. Daren nan a gidana na kwana, kuma washegari da safe ake yi wa 'yata aiki a asibiti. Ba zan taɓa manta wannan ba. A wurina wannan dare ɗaya ya fi dukan kujerun gaban da aka taɓa ba ni.

Sauran amfanin ƙanana ne amma kullum ake cin su: jaka kyauta, wadda a 2024 manyan kamfanonin suka kai kuɗinta dala 35 zuwa 40, zaɓen kujera mai wurin miƙe ƙafa ba tare da ƙarin kuɗi ba, shiga da wuri kafin ma'ajiyar sama ta cika, da sauya jirgi a rana ɗaya. Idan kana fita ƙasashen waje, matsayin tsakiya yana da daraja ta musamman, domin shi ke ba ka Gold na Star Alliance, ko Sapphire na oneworld, ko Elite Plus na SkyTeam, waɗanda matakai ne a ƙawancen kamfanonin jirage na duniya, wato falon hutawa da ƙarin kaya da layi na daban a kamfanonin ƙawancen. Sai dai ka sani, a tafiyar cikin gida zalla wannan bai buɗe maka falon kamfaninka na Amurka, kuma a dogon zango ɗagawa kyauta ba ta cikin tsari, sai dai in baya ta cika an rasa inda za a sa mutane.

Ga yadda zan yi da ni ne kai. Buɗe tarihin tafiyarka na wata goma sha biyu, ka ƙirga sau nawa ka tashi, sau nawa aka ɗaga ka, jaka nawa ka ba da, sau nawa ka zauna a kujera mai faɗi da ba ka biya ba. Sa wa kowanne kuɗin da kai da kanka za ka yarda ka biya, ba wanda kamfani ya rubuta ba. Cire abin da katin bankin kamfanin zai ba ka ko babu matsayi, domin yawancinsu na ba da jakar farko da shiga da wuri. Abin da ya rage ka gwada shi da dala 1,300 ɗin, ka ƙara da ranar hutun da za ka ɓata a sama ba gaira ba dalili, nesa da iyalinka. Ka kuma tuna cewa ko ba ka cike ba, ba ƙasa za ka faɗo gaba ɗaya ba, mataki ɗaya za ka sauka. Kuɗin nan kuwa, in ka ajiye su, za su saya maka kujerar gaba sau bakwai ko takwas a irin tayin da manhaja ke yi, a ranakun da kai ka zaɓa, ba tare da zaman zullumi a gaban allo ba. Ni yanzu haka nake yi: tafiyar da ta haura awa uku, in tayin ya yi sauƙi, saya nake nan take.

In kuma ka ƙudurta sai ka ci gaba da gwada sa'a, to guji safiyar Litinin da yammacin Alhamis, lokacin 'yan kasuwa da ma'aikatan kamfanoni ne, musamman daga manyan cibiyoyi irin Atlanta da Dalas da Shikago inda masu matsayi ke da yawa a jirgi. Tsakar ranar Talata da Laraba, da kuma Asabar, can ne sunanka zai matso sama.

Ba ka faɗa mana ko kai ke biyan tikitinka ko wurin aiki ba, da kuma ko akwai tafiyar waje a gabanka baɗi. Turo waɗannan biyun tare da adadin tafiyarka ta bana, in sha Allah zan taya ka lissafin.