Me jami'a za ta tsinana wa ɗan kasuwa?

Ɗan'uwa, ka ce jami'a takarda kawai ta sani, me za ta tsinana wa ɗan kasuwa? An taɓa gani a Yamai: Farfesa Abdou Moumouni ya shugabanci ONERSOL, hukumar makamashin rana ta Nijar, daga 1969, suka ƙera na'urar ɗumama ruwa da zafin rana.

Ni albasar garin Galmi na jihar Tawa ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Lokacin cira farashi ya faɗi warwas, manomi ya zuba a rudu, wato rumbun ajiyar albasa na gargajiya, bayan 'yan watanni ya buɗe, wari ya tarbe shi. Fatake masu kai ta Abijan da Akara su zuba kuɗi, ɗaliban aikin gona na Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa su gwada rumbu mai shan iska a bakin gona. Amma a rubuta rabon kowa tun farko, har da manomin.