Rediyon lafiya lau yake, caja ce ke cika shi da ƙara

Yarona, ka tambaye ni mi ya sa rediyon dattijon nan ke ta ƙara zzzz a gida amma da ya kawo shi shago sai ya yi ras, har kana cewa ko mu canza mai eriya. Kar ka taɓa shi. Tambayi Baba mi ke jone kusa da inda yake aje shi, ba ya wuce caja mai araha ko kwan sola ko inbata.

Cajojin yanzu ba irin na da ba ne masu taransifoma mai nauyi, waɗanga yanka wuta suke suna sakinta sau dubbai cikin daƙiƙa guda, to wannan yanke-yanken sigina yake fitarwa, wayar cajar ta koma eriya tana watsa shi, gajeren zango da matsakaicin zango kuwa nan take suke kwasa. Shi ya sa mai jin Rima Radio a FM bai cika kuka ba amma mai laluben BBC Hausa a gajeren zango ya sha wuya.

Kuma abin ga akwai doka a kai. Juya bayan caja ta kirki ko laftof za ka ga FCC ko CE. FCC hukumar sadarwa ce ta Amurka, a 1979 ta sa ƙa'ida kan kwamfutoci da sunka fara ɓata wa mutane talabijin da rediyo, ta raba su aji biyu, A na ofis da masana'anta, B na gida, kuma na gidan aka fi matsa wa don nan ne maƙwabci ke bayan bango da nashi rediyon. Kwamfutar TRS-80 ta farko ma dokar ga na cikin abin da ya sa aka daina ƙera ta a 1981. CE ta Turai ce. Mu nan Najeriya hukumar NCC ke tantance kayan sadarwa, hukumar SON ta duba ingancin kayan da ake shigowa da su, amma kai ma ka san abin da ke zube a babbar kasuwa, wasu tambarin kawai suke bugawa.

Gobe ka fasa jabun caja guda ka dubi bodin ta gefen da wuta ke shiga, za ka ga an zana wurin kwayil da kafasita amma ramukan wayam, wani lokaci guntuwar waya aka ɗinke wurin da ita. Su ke tace ƙarar, an cire su don a rage kuɗi. Ƙullutun nan da ke jikin wayar laftof shi ma aikinshi ke nan, kar ka yanke. In ka buɗe kaya ka tarar da murfin ƙarfe a kan bodi ka maida shi da duka kusoshinshi, na ga yara na yar da shi wai yana riƙe zafi, sai ka ce shi ya kawo zafin Sakkwato.

Baba kuma ka ce mai ya sa batir a rediyon, ya dinga zare kayan wutan gidan ɗaya bayan ɗaya har ƙarar ta ɗauke, wanda ya zare ta ƙarshe shi za ya canza. Kar ka amshi ko kwabo hannunshi.