Zan iya mayar da /bin/sh ya koma fish?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kula da wata sabar mai Ubuntu, na saba da fish, wani shel (manhajar da ke karɓar umarnin da kake bugawa), a laftof ɗina ina so ita ma ta koma haka. Na ga wani bidiyo ana cewa a goge /bin/sh a yi masa linki zuwa shel ɗin da mutum yake so. Kuma dama akwai sikirif ɗinmu na bakof da yake ta kawo min "[[: not found". Wallahi tsoro nake kar in taɓa sabar ta lalace. Ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tsoron nan naka yana kan hanya, don Allah kar ka taɓa /bin/sh ɗin nan.

Abin da kake so mai sauƙi ne. Shel ɗin da kake tararwa in ka shiga yana rubuce a ƙarshen layinka cikin /etc/passwd, ka buga chsh -s /usr/bin/fish, ka tabbata /usr/bin/fish yana cikin /etc/shells, jerin shel ɗin da aka yarda da su, ka fita ka sake shiga, shikenan. Naka kaɗai ya canza. Na root kuwa, wato asusun mai cikakken iko a na'urar, ka ƙyale shi yadda yake.

Amma /bin/sh ba naka ba ne, shel ɗin da na'urar kanta ke aiki da shi ne, kuma nan ne masu bidiyon koyarwa suke jefa mutane cikin masifa kullum, abin yana ɓata min rai sosai. cron, mai tayar da ayyuka a kan lokaci, da shi yake gudanar da ayyukanka, make mai haɗa manhajoji da shi yake aiki, duk manhajar C da ta kira system() shi take kira, sannan sikirif ɗin da ke cikin fakitocin Debian da Ubuntu, waɗanda dpkg ke gudanarwa lokacin instolin, akasarinsu da #!/bin/sh suka fara kuma duk sun ɗauka wanda zai amsa yana bin ƙa'idar POSIX, wadda ta tsara yadda sh zai fahimci umarni. fish ba ya bin ta, da gangan ma aka gina shi haka. Ko x=5 ka rubuta masa shi kaɗai zai ƙi, then da fi ma bai san su ba. To ka ga ranar da ka buga apt upgrade zai tsaya a tsakiya, fakitoci rabi sun shiga rabi ba su shiga ba, kuma kayan gyaran ma da shel ɗin da ka lalata suke aiki. Garin neman gira a rasa ido kenan. Mai bidiyon ya gwada a kwamfutar wasa ya rufe, ba zai zo ya taya ka kwana a gaban sabar ba. Ko Apple da suka mayar da zsh na asali a macOS Catalina a 2019, shel ɗin shiga suka canza, ba su ɗora zsh a kan /bin/sh ba.

Sai batun sikirif ɗinku. Tun Ubuntu 6.10 a 2006 /bin/sh ya koma dash, Debian ta bi a 6.0 a 2011, saboda dash ƙaramin shel ne kuma ya fi bash saurin tashi. Shi kuwa dash bai san [[ ]] ba, shi ya sa kake ganin "[[: not found". A Fedora da Arch kuwa har yanzu bash ne, kuma bash ko an kira shi da sunan sh yana karɓar [[ ]] ba ya ƙorafi, in a can aka rubuta muku shi, shi ya sa wanda ya rubuta bai taɓa ganin matsala ba. Wani zai ce maka ai sai ka mayar da /bin/sh ya koma bash, kar ka saurare shi, laifin na fayil ɗaya ne. Lokacin Shellshock, ɓarakar tsaro da aka gano a bash a 2014, ma na'urorin da sh ɗinsu dash ne sun samu sauƙi ta ɓangaren system().

Ka buɗe fayil ɗin ka mayar da layin farko #!/bin/bash, kuma ka duba crontab, jerin ayyukan cron, in an rubuta sh a gaban sunan fayil ɗin to layin farkon ba zai yi aiki ba, sai ka cire sh ɗin ka yi wa fayil ɗin chmod +x don ya iya gudana da kansa. In kuma kana so ya yi aiki har a Alpine, wata Linux da sh ɗinta BusyBox ash ne, ka sa fakitin devscripts ka buga checkbashisms a kansa, zai nuna maka layukan da za ka gyara ɗaya bayan ɗaya.