Amsa ga mai shirin karatu da goyo a jami'ar waje

'Yar'uwa, kin ce kin samu gurbin digiri na uku a waje, ga juna biyu, ga yaro ɗan shekara uku, kina tambaya ko jami'a za ta taimaka. Ni ma da goyo na yi nawa, bari in faɗa miki abin da na gani.

Taimakon jami'a daban, na gwamnati daban. Jami'a iyakarta ta ba ki hutu, ta ɗaga miki wa'adin miƙa kundin bincike, ta ba ki gidan masu iyali, wata kuma tana da gidan renon yara. Kuɗin tallafin yara kuwa na gwamnati ne, kuma irin bizar da ke hannunki ce ke yanke hukunci a kai. A Birtaniya bizar ɗalibi tana zuwa da sharaɗin cewa ba ki da rabo a kuɗin tallafin jama'a. Amma makarantar gwamnati kyauta ce ga yaronki, sannan a Ingila ɗan shekara 3 zuwa 4 yana da awa 15 na reno kyauta a mako, har mako 38 a shekara. Tun Janairun 2024 aka hana yawancin masu digiri na biyu tafiya da iyali, amma ku masu bincike dokar ba ta shafe ku ba. A Jamus kuwa, tun 2018 dokar kare masu ciki ta haɗa da ɗalibai: mako 6 kafin haihuwa, mako 8 bayanta, ba mai tilasta miki shiga jarrabawa.

Inda mata suka fi shan wahala shi ne hutun kansa. Jami'a za ta amince miki da fara'a, ba wanda zai tuna miki cewa masu ɗaukar nauyinki suna iya tsayar da alawus ranar da hutun ya fara. Biza ma haka: a Birtaniya, hutun da ya wuce kwana 60 yakan sa a sanar da hukumar shige da fice, a nemi ki koma gida har ki shirya dawowa. Don haka kafin ki sa hannu a takardar hutu, ki samu amsa a rubuce daga ofishin ɗaliban waje da kuma masu biyan kuɗinki. A rubuce fa. Ni malamin da ke duba aikina da baki ya yi mini alkawarin ƙarin lokaci, da aka sauya shugaban sashe maganar ta bi ruwa.

Gidan renon jami'a kuma layi ake bi, wani wurin ya fi shekara. Ki rubuta sunan yaron yanzu, har da na cikin idan sun yarda. Wace ƙasa ce ma, kuma wa ke ɗaukar nauyinki? In kin faɗa zan fi sanin ofishin da zan nuna miki.